Hulunan Verna

Verna Dykstra ta miƙa wa Fasto Lindgren jar hula da gashin baki na roba. Ta ce, "A ƙauyen Harlow kai Fasto ne. A Millbank mai sayar da taraktoci ne, ka riƙa tafiya kana turo ciki. A bakin gada kuma gurgu."

"Haba 'yar'uwa Verna, gurgu kuma?"

"Zaɓi naka ne. Ko ɗingishin yini ɗaya, ko cocin da ba kowa sai jemagu."

Fasto ya karɓi sanda.

Gundumar Tenney ce ke riƙe da babban birnin jiha, amma birnin suna kawai ya tara. Ginin majalisa mai ƙubba, titi ɗaya mai fitilar ba da hannu, kogi a gefe, daga nan sai ciyawa da shanu har ido ya gaji. Ƙidayar da Amurka ta yi bara ta tona asiri, shanun gundumar sun ninka mutanenta ba sau ɗaya ba. Nan da nan 'yan majalisar manyan garuruwan gabas suka kawo ƙudurin a kwashe hedkwata a kai inda ake da jama'a. Gidan abincin Verna kuwa ƙofarsa na kallon ƙofar majalisa. In suka tashi, sai dai ta riƙa dafa wa shanu kofi.

Kafin ƙuri'a, kwamitin majalisa zai zaga gundumar a bas ranar Asabar, ya ga mutanen da idonsa.

Verna ta kwana biyu tana tunani, sai kogin ya ba ta dabara. Ya lanƙwashe ne kamar ƙugiya, kwalta na bin gefensa, ƙauyukan na jere a kai. Bas dole ta sha zagaye. Amma akwai burtalin shanu da ya ratsa ta tsakiya, wanda duk mai akori-kura a gundumar ya sani. Kafin bas ta isa ƙauye na gaba, jama'ar ƙauyen baya sun riga ta, sun canja hula da riga.

Ta tara mutane a cocin ta koya musu. Ta toshe hanci ta kwaikwayi shugaban kwamitin: "Ni fa ban ga kowa ba a wannan daji, sai wata saniya da ta yi mini kallon raini." Aka bushe da dariya, kowa ya ɗauki hulunansa. Asabar ɗin ta faɗo daidai da ranar buɗe farautar fakara, wadda a jihar nan ta fi kowane biki, amma Verna ta sa kowace mace ta ɓoye bindigar mijinta.

Mutanen Osgood, ƙauyen can saman kogi, su ne suka ba ta kunya. Wannan saniyarsa za ta haihu, wancan haƙori, waccan surukarta ba lafiya. Gari guda cur! Mijinta Orville ma, wanda can aka haife shi, cewa ya yi kamun kifi zai je.

"Ka je," in ji ta. "Jinin Osgood, ba ku taɓa tsinana wa kowa komai ba."

Ranar Asabar ya fita da sassafe yana warin kafur, ya bar ƙugiyarsa a bayan ƙofa. Ta ce a ranta, mutumin nan tsufa ya fara taɓa shi.

A Harlow komai ya tafi daidai. Bas ta shigo a hankali, gilashinta mai duhu, Mista Kettleson sakataren kwamiti a tsaye a ƙofa yana share gumi. Ya ce masu girma ba za su sauka ba, lokaci ya ƙure. Verna cikin rawayar hula ta ɗaga hannu, jama'a suka ɓarke da tafi. Ta cikin duhun gilashi ta hango inuwar kawuna a jere, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya, irin gaisuwar da 'yan gundumar ke yi wa juna a kan hanya. Ta ji daɗi. Ashe mutanen nan sun yi nazarin al'adarmu.

Bas na ba da baya aka ruga burtali. Motoci suka yi ta tsalle a kwazazzabai, mata na canja riga a baya, can nesa bakin kogi bindigogin wasu mafarauta na ta tashi. A Millbank Verna ta fito cikin shuɗiyar hula da tabarau. A bakin gada ta ɗaura ɗankwali ta rungumi ƙunshin zane kamar jariri, Fasto na ɗingishi a gefenta, gashin bakin da ya manta bai cire ba yana lilo. Bas ta ɗan girgiza kamar ana dariya a ciki. Verna ta ce ai kwaltar ce ba kyau.

Kafin rana ta faɗi rediyo ya sanar: kwamiti ya gamsu da ɗimbin jama'ar da ya gani, hedkwata na nan daram.

Ta soya nama da dankali tana waƙa. Orville ya shigo ba kifi ko ɗaya. Ta dangwarar masa da faranti.

"Ci, malalaci. Matarka ta ceci jiha kana can kana gyangyaɗi a bakin ruwa."

Ya zauna, ya zaro laktaye, irin wanda 'yan majalisa ke ɗaurawa a wuya, daga aljihu ya ajiye kusa da gishiri.

"'Yan majalisa tun asuba suka tafi harbin fakara, Verna. Wa zai kwashe hedkwata daga inda tsuntsu yake? Kettleson kawuna yake nema a taga, mu 'yan Osgood muka cika masa bas, ya ce zai zuba wa hanyar Osgood tsakuwa in mun yi shiru." Ya kai loma. "Mu dai kwamiti duk mun yarda, rawayar hular ta fi yi miki kyau."