Makin Aji Ɗaya

Duk watan Satumba, idan tuffa ta nuna a gonar Milisav, sai barci ya ƙaurace masa. Masu tsinka babu. Matasan ƙauyen duk sun tsallaka Jamus, sai tsofaffi masu ciwon gwiwa irinsa. Mutum ɗaya ya rage masa mai ƙarfi a jika, ɗansa Vidak, wanda bai daɗe da shiga sakandare a garin Topola ba.

"Ajiye jakar nan ka ɗauko tsani," in ji Milisav.

"Baba, yau muna da gwajin lissafi."

"Lissafi zai jira ka, tuffa ba ta jira. Aji ɗaya ne fa! Wa ya taɓa tambayar mutum makinsa na aji ɗaya?"

Haka aka yi ta yi. Kaka tsinka, bazara feshi da sassabe. Malamar ajin su Vidak, Radmila, ta kira taron iyaye, Milisav na kan tarakta. Ta buga masa waya, ya tari numfashinta tun ba ta kai aya ba.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Yaron nan kansa na ja. Idan ya kai manyan azuzuwa, ni da kaina zan ɗaure shi a kan kujera."

"Milisav, ka ba ni minti biyu in yi maka bayanin yadda ake..."

"Iska za ta taso, Malama, maganin feshi zai lalace. Sai an jima."

Vidak ya gama aji ɗaya da aji biyu da matsakaicin maki uku da 'yan kai, cikin biyar.

A yi wa Milisav adalci, ya cika alkawari. Tun daga aji uku bai sake barin yaron ya taɓa akwatin tuffa ba. Shi kaɗai ya riƙa hawa tsani yana sauka, har bayansa ya riƙe, sai matarsa Zorka ta ɗaura masa igiyar takalmi da safe. Bai damu ba. Burinsa ɗaya, Vidak ya zama likitan dabbobi, ya shiga jami'a cikin waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, don kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gonarsa. Vidak kuwa ya dage, biyar-biyar kawai yake kawowa gida.

Ranar da sakamakon shiga jami'a ya fito, Milisav har ya yi wa maƙwabta alkawarin gasasshen ɗan rago. Vidak ya sauko daga motar Belgrade, birnin da jami'ar take, ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, bai ko cire jaka ba.

"Ka faɗi jarrabawar?"

"Na ci, Baba. Kaɗan ne suka fi ni."

"To mene ne kake zaune kamar an yi maka mutuwa?"

"Jarrabawa maki sittin ce cikin ɗari. Sauran arba'in daga sakandare ake ɗaukowa. A haɗa matsakaicin makin shekara huɗu, a ninka biyu. Aji ɗaya da aji huɗu nauyinsu ɗaya."

Milisav ya shiga lissafi da yatsu kamar mai ƙirga akwatuna.

"Da maki nawa ka rasa gurbin gwamnati?"

"Bai kai maki ɗaya ba."

"To baɗi ka sake! Zan riƙe gonar, ai ban mutu ba."

"Jarrabawa ake sakewa, Baba. Makin aji ɗaya ya zauna ke nan, ko shekara goma na yi ina komawa da shi zan je."

Zorka da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Abin da matar nan ta so gaya maka ke nan a waya." Ba ta ɗaga murya ba, ta gaji da yawa.

Milisav ya ce zai sayar da rabin gonar ya biya kuɗin makarantar. Ya zaga ƙauye uku bai sami mai taya ba, kowa neman kai yake da tasa.

Kafin tuffa ta sake nuna, wani ɗan ajinsu ya samo wa Vidak aikin loda kaya a wani sito a Slovenia. A tasha Milisav ya kama hannun rigarsa.

"Shekara ɗaya kawai, ka dawo ka sake gwadawa. Ka ji?"

"To, Baba," in ji Vidak, yana kallon wani wajen. Duk wanda ya bar ƙauyen haka ya ce.

Iyaye, kada ku jira shekarar ƙarshe kafin ku tambayi yadda ake lissafa makin 'ya'yanku. Ku je makaranta tun ranar farko ku ji da kunnenku, domin ranar da kuka hana yaro zuwa aji tana nan a rubuce, kuma nadama ba ta goge ta.