Idon Rimot

Ka ce tun da ka zuba sababbin kujeru yaranka suka daina shigowa falo, kuma na ga kana faɗa kamar wanda ya yi nasara. To ɗana, ajiye wayar nan ka gyara zama, in ba ka wani misali.

An yi wani magidanci, tsohon direban babbar mota, mutum mai tattalin kaya har abin ya yi yawa. Da ya ajiye tuƙi sai ya sayi talabijin irin wanda ake maƙalawa a bango, wanda ba shi da maɓalli a jiki sai na kunnawa. Canza tasha, ƙara murya, rage murya, duk sai da rimot. Ya taɓa ganin rimot ɗin maƙwabcinsa lambobi duk sun goge, an ɗaure bayansa da roba, shi ne ya ci alwashin nasa ba zai taɓa zama haka ba. Tun ranar farko ya naɗe shi a leda, ya bi da salatif, ya bar wa batir 'yar ƙofa ta baya. Sannan ya kafa doka, ba mai taɓawa. In zai fita, rimot na aljihunsa tare da carbi. Matarsa in tana son kallon wa'azi sai ta jira shi ya dawo daga majalisa. Leda na yin dauɗa sai ya ɗora wata a kai, ba ya cire ta ƙasa, wai kada ƙura ta samu hanya. A kwana a tashi rimot ya yi ƙiba kamar ƙullin alala, lambobin da yake wa gadi shi kansa ya daina ganinsu, sai dai lalube.

Mutumin nan yana da 'ya, ita ce ta fari, ungozoma ce, aiki ya kai ta wani gari mai nisa. Ya daɗe bai sa ta a ido ba, kuma kewarta na cinsa ko da yake ba ya faɗa. Wata rana ta bugo waya ta ce gidan talabijin zai yi hira da ita kan kula da masu ciki, ranar Asabar bayan la'asar, kai tsaye, kuma ba lallai a maimaita ba. Ta ce, "Baba, ka zauna kusa, zan gaishe ka da sunanka." Kafin magariba babu wanda bai ji labari ba a layin. Da safiyar Asabar ya tuna yau gida zai cika, hannuwa za su yi yawa, sai ya samo baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya ƙara ɗaure rimot tamau, kai da gindi, ya duba aikinsa ya ji daɗi.

La'asar ta yi, aka ɗauke wuta a unguwar. Ko a jikinsa, don shi kaɗai ke da inji a layin, ya tayar. Falo ya cika, mata suka tsaya bakin ƙofa. Talabijin ya kawo tashar da aka kwana a kai, wasu ƙarti na ta kokawa. Ya saita rimot ya danna, shiru. Ya miƙe ya matsa kusa ya danna, shiru. Ya buga shi a tafin hannu, ya ciro batir ya ciza ya mayar, ya aika aka sayo sabon batir, duk a banza. Matarsa ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, anya ba ledar nan ba ce?" Ya ce, "Ledar da ta daɗe tana tsaronsa, yau za ta ci amanarsa?" Maƙwabci ya miƙo hannu zai duba, mai gida ya janye rimot da sauri, don sabo ya riga hankali. Lokaci na ta tafiya. Can dai matar, wadda ba ta taɓa riƙe rimot ɗin nan ba, ta ratso maza ta zare shi daga hannunsa, ta sa reza ta farke ledar daga sama har ƙasa. Sai ga shi ya fito sabo fil, kowace lamba na ƙyalli. A goshinsa akwai wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba. Ashe idonsa ke nan, da shi yake isar da saƙo ga talabijin, kuma shi baƙin salatif ya rufe. Dannawa ɗaya tasha ta canza. Abin da suka tarar shi ne mai gabatarwa na godiya, 'yarsa ta riga ta miƙe tana gyara mayafi, gefen kafaɗarta kawai ya gani, sai tallan sabulu ya shigo.

Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Jim kaɗan waya ta yi ƙara, 'yar ce, muryarta cike da murna: "Baba, ka ji gaisuwata?" Ya sunkuyar da kai yana kallon rimot ɗin da ke ƙyalli a hannunsa kamar sabo.

Ni duk lokacin da na tuna mutumin nan tausayi yake ba ni, don ba mugu ba ne, son kayansa ne ya sha masa kai. Kujerunka za su daɗe, ɗana, ban musa ba. Amma yara ba sa jira, girma suke yi, kuma wanda ya saba tsayawa bakin ƙofa wata rana ko ka kira shi ba zai shigo ba. Je ka buɗe musu falon nan tun yau, kada a ce da kai abin da Hausawa ke cewa: garin neman gira an rasa ido.