Ɗaliban Dokta Tattali

Tun daga nesa Abdulrahman ya hango hayaƙin butar Baba Maiwada mai shayi, sai ya sunkuyar da kai ya yanki lungun bayan masallaci. Hanyar ta fi tsawo, ga kwata, ga wani kare mai riƙo, amma gara haka da su haɗa ido.

A da ba haka ba ne. Abdulrahman aski yake yi a shagon wani a Makarfi, kuma yana cikin samarin da suka mayar da bencin mai shayin nan majalisa. Su zo da sassafe a ayari, su sayi kofi biyu su yi ta zagayawa da shi, su roƙi ƙarin sukari, su jona wayoyinsu a caji kyauta, su dasa musun ƙwallo har rana ta take. Direbobin motocin rake su zo su rasa wurin zama, su yi gaba. Baba Maiwada abokin mahaifin Abdulrahman ne, bai taɓa korar kowa ba. Iyakarsa ya murmusa ya ce, "Ku sha, 'ya'yana."

Sai aka wayi gari an jefa su gaba ɗaya cikin wani zauren waya mai suna Matashi Farka Ka Tara. Mai zauren, Dokta Tattali, ba ya aiko murya, sai rubutu. Hotonsa kuwa wata baƙar mota ce a gaban dogon bene. Darasin farko kyauta ne, na gaba kuma sai ka tura masa katin waya na ɗari biyar duk mako.

Abdulrahman ya daɗe yana mafarkin kama nasa shagon kusa da tasha, amma kullum aljihunsa kamar an share. Ya karanta darasin farko sau uku. "Babban maƙiyin matashi," in ji Dokta, "shi ne zaman teburin mai shayi. Ka shiga da niyyar kofi ɗaya, ka fito ka ci ƙwai, ka ci burodi, ka ci safiyarka."

Abdulrahman ya jinjina kai. Mutumin nan kamar yana leƙa cikinsa. Ya san farashin ƙwai na yau, ya san na gwangwanin madara, har ya san akwai masu cewa a ƙara musu ruwan zafi bayan sun shanye. Abdulrahman ya gaya wa abokinsa Zulkifilu cewa wannan shi ake kira ilimin tattalin arziki, a ƙasar waje ake karanto shi. Shaida ma, Dokta ba ya amsa saƙo da safe sam, saboda yawan miting.

Majalisa ta watse. Abdulrahman ya koma shan kokon gida. Ranar da kwaɗayi ya taso masa, ya sayi ganyen shayi ƙwaya ɗaya, ya jiƙa, ya shanya a igiya, ya sake jiƙawa washegari, har ƙanwarsa Murja ta tambaye shi ko laya ce yake wankewa. In dole ta sa ya bi ta kusa da teburin, sai ya toshe hanci don kada ƙanshin wainar ƙwai ya karya masa bajet.

Dokta ya kafa doka: duk wanda aka gani a bencin, tararsa katin dubu ɗaya. Samari suka koma gadin juna. Aka kama Zulkifilu, ya rantse gaisuwa kawai ya je yi, amma Dokta ya rubuto cewa an ga maiƙo a leɓensa. Ya biya.

Abin mamaki, kuɗi suka fara zama. Da yake yanzu Abdulrahman yana buɗe shago da wuri, kawunan da yake askewa suka ƙaru. Kafin Babbar Salla Abdulrahman ya kama shagonsa, ya sayi kilifa sabuwa da madubi mai faɗin ƙofa.

Sai dai abu ɗaya ya hana shi sakat. Su ne fa suka watse wa dattijon nan rana guda, ba ko sallama. Wa ya sani ko tukunyar gidansa na ɗoruwa? Ya kasa jurewa. Wata safiya ya saka sabuwar shadda, ya cusa dubu ɗaya ta tara a aljihu, ya bi hanya miƙaƙƙiya.

Ya tarar da direbobi maƙil a benci, har an ƙara wani bencin, an yi rumfar kwano. Baba Maiwada ya yi ƙiba. Abdulrahman ya ce a ransa kumburin damuwa ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa.

"Kasuwa sai godiya, ɗana."

"Baba, ka daina ɓoye mini. Mun cuce ka, ka yafe mana. Amma ina da wani babban masani, shi ya mayar da ni mutum. Yanzu zan kira shi, ko nawa ne ni zan biya, ya koya maka yadda ake riƙe kwastoma."

Baba Maiwada ya ce a bari, ba sai an wahalar da bawan Allah ba. Abdulrahman ya ƙi. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ƙara sautin waya don direbobi su ji irin mutanen da yake hulɗa da su, sannan ya danna lambar Dokta Tattali.

Wata sabuwar waya ta kama ruri a aljihun Baba Maiwada. Dattijon ya ci gaba da kaɗa ƙwai, ya ce, "Kashe, ɗana, kada ka ƙona katinka a banza, ga ni a gabanka."