Buhun Siminti a Ƙofar Shago

Tunda ka ce gobe za ka hau rufin mutane, zauna in ba ka misali. An yi wani mai haɗa sola, gwani ne a harkar wayar wuta, wannan kam ba a ƙwace masa. Wani mai sayar da siminti ya kira shi ya ɗora masa faifan sola huɗu a kan shagonsa, ana tsakiyar rani. 'Yan kwamitin masallacin unguwa kuwa sun zuba ido, sun ce in aikin ya yi kyau, rufin masallaci ma nasa ne. To, ka san kwanon rufi tudu ne da kwari. Kafinta a kan tudu yake buga ƙusa, don kwari hanyar ruwa ce. Shi gogan naka ya ga kwarin ya fi kusa da katako, ya fi saurin kamawa, ga rana na gasa masa tafin ƙafa. Sai ya bi kwari yana hudawa yana ɗaurewa, ya ɗan shafa gam. Tsohon kafintan da ya yi rufin yana ƙasa yana kallo, ya ce masa, "Ɗana, nan fa ruwa ke bi." Ya ce, "Baba, ai faifan zai rufe, wa zai gani?" Kafin la'asar fanka na juyawa, ƙwan lantarki ya kama, jama'a na ta sa albarka.

Rana ta yi wata uku tana cin gam ɗin nan har ya tsattsage. Ruwan farko ya sauko ran da mai shago ya kulle ya tafi ƙauye ta'aziyya, kuma ruwa bai san an rufe komai ba, hanyarsa kawai ya bi. Da ya dawo bayan kwana huɗu, sahun buhunan da ke ƙarƙashin hujin nan duk sun zama dutse. Wallahi ni kaina na tausaya wa bawan Allahn nan. Amma bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya sa aka mirgino buhu guda aka ajiye a ƙofar shago. Duk wanda ya zo tambayar wa ya yi masa sola, 'yan kwamitin masallaci ne na farko, sai ya nuna masa buhun ya ce ya zauna tukuna. Mutum ya zauna ya ji tauri, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, shi ke nan an gama magana. Solar tana nan tana ba da wuta har yau, amma ba a sake jingina wa wanda ya haɗa ta tsani a unguwar ba.

Saboda haka in ka hau gobe, ka yi aikin da damina za ta duba. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.