Hatimin Buhun Gero

"Ki riƙa kawo min kunun safe, ni kuma in zubar miki da gero. Kin yarda, Iya?"

"Na yarda, Tanimu. Allah ya rufa asiri."

Iya Kande tsintar hatsi take yi a kasuwa tun tana da haƙora. Da can dillali sai ya soki buhu ya ga ƙwaya, abin da ya zube kuwa rabonta ne. Tunda hukuma ta kawo hatimin nan mai walƙiya da ake manna wa buhu aka daina sukar buhu. Kasuwa ta yi fes, tukunyar Iya ma haka.

Tanimu, mai rumfar gero, ya san doka. Hatimi in an taɓa shi baƙi yake komawa, da zanen yatsan mai taɓawar a jiki, kuma ba mai iya ƙera wani. Ya dubi tsohuwar, ya sa babban yatsa ya ɓarke buhunsa.

Kafin azahar masu duba hatimi suka rufe masa rumfa har kaka.

Iya Kande ta samu na tuwo. Tanimu ya rasa cinikin damina, amma da ta tambayi dalilin rufewar, sai ya ce mata rufi ne ke yoyo.