Abin Da Yake Amsawa

Ta hau kan jinka riƙe da rigar ɗanta, kamar yadda ake yi wa wanda ya mutu a nesa, ta fuskanci kudu tana kiran sunansa don kurwarsa ta gane hanyar gida. Ta kira har muryarta ta dushe, ko ganyen ayaba bai motsa ba.

Abokinsa da ya kawo rigar daga gonar robar Faransawa yana tsugune a tsakar gida, zazzaɓi ya tsotse shi.

"Inna, sauko. Ba zai amsa ba."

"Ni na haife shi, ni na raɗa masa suna. Kai ne za ka gaya min?"

"Can ba a kiran suna, Inna. Lamba muke amsawa. Wanda ya yi nawa, bulala ce."

Ta daɗe tana duban tambarin lambar da aka buga a wuyan rigar. Ba ta iya karatu ba, sai da ya faɗa mata.

Ta tofar da yawu, ta kira lambar sau ɗaya.

Babu iska, amma ƙyauren gora ya bankaɗe, da hanzarin mai tsoron makara.