Minti Biyar na Malam Tukur

Tun da aka canza doka, kotun ɗaukaka ƙara ba ta tabbatar da hukuncin kisa sai an kunna akwatin da mamacin ke magana ta cikinsa na minti biyar.

Gambo ta rakuɓe a bencin baya. Ta san ɗanta Sallau ne ya kashe maƙwabcinsu Malam Tukur, ya gudu da babur ɗinsa.

Alƙali ya tambayi akwatin wa ya kashe shi. Malam Tukur ya ce a bari ya gaisa da mutane tukuna.

"Iya Gambo, ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Ki gaya wa Sallau ya riƙa kula, birkin babur ɗin nan ba ya ci."

Lokaci ya cika, Malam Tukur bai faɗi wanda ya kashe shi ba. Lauyan Sallau ya juyo yana murmushi. Gambo ta kasa ɗaga kai.